Shekarar da Fedar Sahabi Ta Yi Shiru

Da sunan Allah zan shiga wannan babi, wanda na fi jan ƙafa a kansa fiye da kowane. Ku 'ya'yana, da na ƙanena Sahabi, da na ƙanwata Hadiza, duk kun tashi kuna jin cewa ni Attahiru mai gyaran rediyo na taɓa ɓata kayan kiɗan ɗan'uwana da hannuna, na kuma ja bakina na yi shiru har aure ya kusa mutuwa. Na san wasunku sun sha gori a kan haka, ko da ba ku kawo mini ƙara ba. Ban taɓa musawa ba, don da bakina na faɗa. To yau ku gyara zama, ga yadda abin ya kasance.

Gidanmu na Gwandu gidan noma ne, ba mu gaji kiɗa ba ta kowane ɓangare. Sahabi ne ya jajibo mana shi. Ya tafi cirani ƙasar Nijar, muna jiran ya dawo da keke, sai ga shi rataye da jita, da wani ɗan jan akwatin ƙarfe da bai wuce tafin hannuna ba. Wannan akwati shi ake kira feda. Waya ɗaya ke shiga cikinta daga jita, ɗaya ta fita zuwa sifika. Ana ajiye ta a ƙasa, makaɗi ya taka ta da ƙafa, nan take muryar jita ta yi kauri ta ja tsawo, har ka ji tsikar jikinka na tashi. Da wannan murya Sahabi ya yi suna a gidajen biki, daga Gwandu har Kalgo. Lallaɓa ta yake yi kamar ƙwai, ya naɗe ta cikin ɗankwali ya tura ƙarƙashin gadonsa. A lokacin mahaifinmu ya rasu, mahaifiyarmu Inna ke riƙe da gida, ita kuwa ta ce ba ta ji ba ta gani. Ba ta taɓa taka wurin wasansa ba, shi ma bai isa ya kunna komai a cikin gida ba.

"Kiɗa cikin gidanga? Sai bayan raina," in ji ta, kuma ba sau ɗaya ba.

Abokin kiɗan Sahabi shi ne Umaru, mutumin Masama, makaɗin kalangu gada da gada, kuma mijin Hadiza. Inna ta daɗe tana ja kafin ta yarda da auren, ba ta kuma gama sakin jiki da shi ba. Umaru mutum ne mai kirki amma bakinsa ba shi da linzami. Wata rana a gaban jama'a, da ya ji jita ta danne masa kalangu, sai ya ce wannan akwati mai hana mutane sakat wata rana sai ya yi shiru. Aka yi dariya aka watse. Babu wanda ya riƙe maganar sai da damina ta kankama.

A wani biki a Kalgo abin ya fara, da la'asar, bayan an ɗauke ruwa. Sahabi ya taka feda, ta yi waƙa ɗaya lafiya lau, a ta biyu ta fara tsartsatsi kamar an jefa ƙosai a mai, murya ta yi ta ƙanƙancewa har ta ɗauke ɗif. Fitilarta na ci, amma babu sauti. Washegari ya kawo mini shago. Na jona ta, ta yi ta rera kiɗa tun hantsi har azahar, ko tari ba ta yi ba. Na ce masa batir ne, na sa sabo. Bayan kwana huɗu suka je Wurogauri, ta sake kunyata shi a gaban dangin amarya. Ya sake kawowa, ta sake yin lafiya a hannuna. A karo na uku, a Kalgo kuma, masu biki suka ce ya tattara ya ba mai kalangu wuri. Daga nan ne wani mai duba, wanda ba zan ɓata takardata da sunansa ba, ya gaya wa Sahabi cewa an sa wa kayansa hannu, kuma wanda ya sa na kusa da shi ne ƙwarai. Sai kowa ya tuna da maganar Umaru.

Hadiza ta zo ganin gida a makon nan da goyonta. Inna ta ce ba ta komawa Masama. Ta ce mutumin da zai yi wa surukinsa asiri a kan kiɗa, ba ta san abin da zai yi wa ɗiyarta ba ranar da suka saɓa. Umaru ya zo har sau biyu, ya rantse, ya yi kuka da hawaye a ƙofar gida, Sahabi ya ƙi ko fitowa. Sai manyan Umaru suka fusata suka aiko: za su zo Juma'a ta sama bayan masallaci, ko a ba su matarsu a kuma wanke ɗansu, ko su bar takardar saki su juya. Kwana goma sha biyu ke nan a gabanmu. Hadiza ta same ni a shago, ta tsaya a bakin ƙofa ba ta ko zauna ba.

"Yaya, kai ka san cikin ƙarfe. Don Allah ka duba mini. Wallahi Umaru ko kaza ba ya iya yankawa sai ya kau da kai."

Na ce mata ta koma gida. Ni dai tun ina yaro ban yarda abin da ke da waya da batir yana mutuwa babu dalili ba. Ban ce babu asiri a duniya ba, a'a, amma na ce sai na gama da abin da ido ke gani tukuna. Na karɓi fedar da jitar daga hannun Sahabi, da ƙyar ya ba ni, na rufe karɓar aikin kowa. Na ɗauki doka ɗaya: abu ɗaya zan riƙa sauyawa a lokaci guda, in gwada, in rubuta a bayan kwalin sukari. Na sauya wayar shiga. Na sauya ta fita. Na auna batir da mita, yana cike. Na murɗa maɓallanta uku gaba da baya ina kasa kunne. Na kwance makunnin da ake takawa, na goge, na mayar, na taka shi ya fi sau ɗari har maƙwabcina tela ya leƙo ya ce ko ɗinki na koma. Na buɗe cikinta na bi kowane ɗigon dalma da tsinken ashana ina taɓawa. Na fi tsananta wa kan batir, don kafin damina wayarsa ta taɓa tsinkewa, ni na liƙe ta. Liƙin nan yana nan daram. Kwana huɗu suka tafi, feda na ta yi mini waƙa kamar tana yi mini dariya.

A rana ta biyar na ce, to, tunda a Kalgo take ciwo, a Kalgo zan duba ta. Na ɗaure kaya a bayan babur, da ƙaramar sifika mai batir, na tafi da Sahabi, ba tare da Umaru ya sani ba. Muka sami gindin wata bishiya kusa da fadama, inda aka yi bikin farko. An kwana ana ruwa, ƙasa jiƙe, iska ta yi nauyi, riga na manne wa mutum a baya. Muka yi sallar la'asar, na ce ya kaɗa. Ya yi kamar rabin sa'a, sai ga tsartsatsin nan, sai shiru. Wallahi daɗi na ji, kamar an yi mini bushara. Na ce masa ga shi nan, Umaru yana Masama, bai san ma mun zo ba. Sahabi ya dube ni sheƙeƙe.

"Haba Yaya. Asiri sai mai shi ya biyo shi? Kai dai ka ce ƙarfe ya fi ƙarfinka."

Raina ya ɓaci, don ina da zuciya a lokacin, ba kamar yanzu da haƙora suka zube ba. Na ce masa in na bar abin nan ban gano ba, kada a sake kira na mai gyara. Muka dawo Gwandu. Da safe na jona ta a shago, ta tashi garau. Na sake komawa Kalgo ni kaɗai har sau biyu, da sababbin wayoyi, da wani batir, da sifikar aro. Duk abin da na sauya, in ta sha iskar fadama sai ta mutu, in ta kwana a shagona sai ta farfaɗo. Saura kwana uku, na zauna na zuba wa teburina ido, ina tambayar kaina me ke shagon nan da babu a Kalgo. Ku da kuka tashi da ƙarfen liƙi na lantarki ba za ku gane ba. A lokacin wuta sai ta yi mako ba ta zo ba, don haka a kaskon garwashi nake gasa ƙarfen dalma, kaskon kuwa yana kan tebur, dab da inda nake ajiye abin gyara. Ga rufin kwano a sama. Duk abin da ya shigo shagona da laima, kafin in taɓa shi ya bushe ƙayau.

Na fitar da kasko waje. Na buɗe feda, na ce wa tela ya zo ya riƙa jan igiyar jita. Na kai bakina kusa da allon wayoyin na yi masa huci mai ɗumi, kamar yadda ake yi wa madubi. Huci na uku, tsartsatsi ya tashi. Na yi kabbara har tela ya saki jita. Na bari ya bushe, na riƙa bi da huci lungu-lungu ta cikin bututun biro, har na kai gindin ramin da wayar jita ke shiga. Nan ne. Na fita da shi hasken rana na karkata. Sai na ga wani siririn abu baƙi-baƙi mai ɗan ƙyalli ya malale daga ramin ya bi kan layukan tagulla ya bushe. A da na ɗauka tsufan allon wayoyin ne. Ba tsatsa ba ce, ba ruwan batir ba ne. Na lasa yatsa na goga, na kai harshe.

Duk wanda ya yi makarantar allo ya san wannan ɗanɗano. Tawada ce, ta ƙaro da gawayi. Rubutu ne aka wanke aka ɗura. Gawayi yana ɗaukar wutar lantarki, ƙaro kuwa yana shan laima. In ya bushe ba ya komai, in ya ji iskar damina sai ya yi laushi ya haɗa layukan da bai kamata su haɗu ba, murya ta zurare ta nan. Umaru bai taɓa kwana da fedar nan ba. Wuri ɗaya take kwana, ƙarƙashin gadon Sahabi, kuma mutum ɗaya ke shiga share ɗakin.

Na sami Inna da hantsi tana tsince wake, Hadiza ta tafi kai gaisuwa maƙwabta. Ni ɗan fari ne, Inna ba ta kama sunana, Mai rediyo take ce mini, kuma tsakanina da ita magana ba ta tsawo. Na durƙusa na ce mata na ji ƙanshin rubutu a jikin akwatin Sahabi. Ta dubi ƙofa, ta rage murya.

"Kada ka hwaɗa mishi. In ya ji, sai ya ce na yarda da kiɗa."

Ta ce tun da ya fara suna take jin tsoron bakin mutane. Takan karɓo masa rubutun tsari ta zuba masa a fura bai sani ba. Ragowar kuma, da ta ga yadda yake naɗe akwatin nan yana ɓoyo, sai ta ce lalle nan ran sana'ar yake, ta riƙa ɗiga masa kaɗan ta ɗan ramin nan na gefe. Da ta ji an ce an yi masa asiri kuwa, sai ta ƙara yawan abin. Sannan ta tambaye ni abin da har yau ban manta ba.

"A ƙirji yake rataya shi in yana wasa, ko? Kamar laya?"

Ya Salam. Matar da ko takardar da aka yi rubutun ajami ta gani a ƙasa sai ta ɗauka ta sa a tsagar bango. Matar da ba ta bari a tsallaka allo. In ce mata ayoyin da ta ɗura, da takalmi ake taka su a filin rawa, wata da watanni? In ce mata kuma ita ce ta kusa kashe auren ɗiyarta, ta sa aka yi wa bawan Allah ƙazafi? Na san Inna. Ba za ta yi kuka ba, daina cin abinci za ta yi. Na sunkuyar da kai na ce mata yana kula da shi ƙwarai. Ta ce to madalla, ta ci gaba da tsintar wakenta.

Na koma shago na cire allon. Na wanke wurin da ruwa mai tsabta a cikin kofin shayina, da gashin kaza, a hankali. Ruwan nan ban iya zubar da shi a ƙasa ba, na yi bismilla na shanye. Na bi da sifirit, na shanya a rana, na mayar. Ranar Alhamis na kai ta Kalgo, gindin bishiyar nan, ana yayyafi. Na ja igiya tun azahar har rana ta yi ja, ni da ban iya kiɗa ba, har masu dawowa daga gona suka tsaya suna kallon mahaukaci. Ba ta yi ko gyaran murya ba. A hanyar dawowa na yi ta juya abin da zan faɗa gobe. In na ce laima ce kawai, Sahabi zai ce me ya sa ba ta kama fedar kowa ba sai tasa, zargi ya zauna inda yake. Mutanen nan ba za su saki Umaru ba sai an ba su wani su riƙe. Kafin in shigo Gwandu na yanke shawara.

Ranar Juma'a zauren gidanmu ya cika. Baffa Sanda, ƙanin mahaifinmu, shi ya zauna a tsakiya. Mutanen Masama a gefe guda, Umaru a cikinsu ya rame, wani dattijonsu da takarda a aljihun gaba, ana hango bakinta. Inna da Hadiza suna bayan ƙofar cikin gida suna ji. Kafin kowa ya fara, na ce a ba ni dama. Na ajiye feda a tsakar tabarma. Na ce babu asiri, babu hannun Umaru. Na ce lokacin da na liƙe wayar batir kafin damina, na yi ganganci, dalma da man liƙi suka ɗiga inda bai kamata ba, in laima ta taɓa sai su haɗa wuta. Na ce yanzu na goge, duk mai shakka ya ɗauka ya kai fadama ya gwada. Baffa Sanda ya tambaye ni yaushe na gane. Nan ne na ga in na ce jiya, za a ce rufa wa suruki asiri nake yi. Na ce na daɗe ina zargin haka, kunya ta hana ni faɗa.

Sahabi ya miƙe tsaye.

"Kana ji ana korata daga gidan biki, kana ji ina zagin bawan Allah, ka yi shiru don kada a ce ba ka iya ba? Kai wane irin wa ne?"

Ya juya ya durƙusa gaban Umaru ya kama ƙafarsa, su biyu suka yi ta kuka kamar yara. Dattijon nan ya tura takardarsa can cikin aljihu. Sai muryar Inna ta fito daga bayan ƙofa, ita da ba ta magana in maza na zaure.

"Mai rediyo, kai da hannunka?"

"Ni da hannuna, Inna."

"Allah Ya shirye ka. Ka ba ni kunya."

Wannan kalma ta fi mini komai ciwo, kuma ba zan ce muku ta daina ba. Da la'asar Hadiza ta hau bayan babur ɗin Umaru da goyonta. Ta yi sallama da kowa, ta wuce ni kamar ba ta gan ni ba, kuma sai da aka shekara biyu kafin ta sake gaishe ni da sakin fuska. Labari ya zaga gari kafin magariba. Wanda ya ɓata kayan ƙaninsa ya ɓoye, wa zai ba shi rediyonsa? Masu kaya suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna karɓe abinsu ba a gyara ba. Da kaka ta yi, na kwashe tebur da kasko na koma Kalgo na fara daga farko, shi ya sa ku 'ya'yana a can aka haifi yawancinku. Kafin in tashi na yi wa Sahabi akwatin katako mai kwaɗo, na ce saboda laima, ya riƙa kulle fedar a ciki. Ya karɓa bai ce na gode ba. Inna ta ga kwaɗo, ta haƙura da furar kaɗai. Fedar nan ta yi shekara tara tana aiki.

Inna ta koma ga Allah ba ta sani ba, haka na so. Umaru ma ya rasu yana ganina da wannan tabo, amma bai taɓa goranta mini ba ko da wasa, Allah Ya jiƙansa. Sahabi yana nan, mun shirya tuntuni, sai dai har gobe yana cewa uwarsa ta mutu ba ta sa wa sana'arsa albarka ba. Idonsa ya yi rauni, don haka ɗayanku ya zauna ya karanta masa wannan babi, kada a yi sauri.

Na yi ƙarya a gaban manya ranar Juma'a, ban kuma kira ta da wani suna ba, ina neman gafarar Ubangiji a kanta kullum. Amma ku na Masama, ku ƙirga kanku. Hadiza ta koma gidan Umaru da ɗa ɗaya a bayanta. Sauran ku biyar, duk bayan wannan Juma'ar aka haife ku.